Ranar da na riƙe hannun Oga Harold

Na gaji da yaran da ke kawo mini bindiga bayan sun gama lalata ta. Mutum zai kalli bidiyo a waya, ya ɗauko gudumar da ake kafa labule da ita, ya bubbuge saitin bindigarsa a kan teburin kicin, sannan ya hawo bas har unguwar Withington a nan Manchester ya tsaya a gabana yana murmushi, wai "Anti, ɗan gyara ne kawai, minti biyu." Ƙarya kake. Ka kashe ta ne, ka kawo mini gawa in yi mata wanka. Kuma ba zan ba kowa haƙuri don na faɗi haka ba, domin ni na daɗe riƙe da tsintsiya a shagon gyaran bindiga kafin a bar ni in taɓa guduma.

Kafin wata ta ɗauki waya ta kira 'yan sanda, bari in yi bayani, tunda ko a zumuntar mata ta cocinmu a Rusholme sai da na yi shi. A ƙasar nan doka ba ta bar mutum ya ajiye ƙaramar bindiga haka kawai ba. Waɗanda ke zuwa teburina bindigogin iska ne, masu tofa 'yar ƙwayar dalma a jikin takarda, sai tsofaffin bindigogin albarushi na masu izini. Wasa ne na ƙwarewa, a kulob ake yin sa, ana gasa, ana ba da kofi. Nawa aikin shi ne saiti, wato ɗan ƙarfen nan da ke tsaye a bakin bindiga da mai tsagin da ke baya, waɗanda mai harbi ke jerawa da idonsa. In suka kauce da kaurin gashi, harsashi ya bar tsakiyar takarda ke nan. Matar fasto ta taɓa ce mini, mace da bindiga, Rifkatu? Na ce mata wuƙar da take yanka kaji da ita ta fi duk abin da ke teburina ɗaukar rai.

A Birmingham na koyi sana'ar, tun kafin 'yata Ladi ta sami aiki a Manchester in biyo ta. Muna zaune a wani ɗan gidan haya a unguwar Balsall Heath, maigidana Bitrus yana tura keken marasa lafiya a asibiti, ni kuwa ina neman kowane irin aiki da ba ya bukatar karatu. A ƙauyenmu bayan Kafanchan aji uku na tsaya, daga nan sai gona da kasuwa. Wata 'yar cocinmu ce ta ce akwai wani tsohon Bature mai shagon gyara da ke neman mai shara. Sunansa Harold. Gajere ne, kullum da kofin shayi da ya huce a gefensa, yana ce wa kowa "bab" kamar yadda mutanen garin ke yi. Ni kuwa Oga nake ce masa, har ya saba yana amsawa.

Shara a shagon nan ba ta yi kama da sharar ofis ba. A ƙasa akwai ƙananan sukurori da sifirin da ba su kai ƙwayar shinkafa ba, waɗanda suka suɓuce masa ya haƙura da su. Ni da na tashi ina tsince tsakuwa a cikin acca, ba zan iya kwashe su in zuba a bola ba. Sai in ware su a murfin kwalba, kowane iri da 'yan uwansa, in ajiye masa. Wata rana ya kira ni, ya miƙo mini bindiga, na sa hannu na karɓa. Ya fizge ta ya ce in koma wa tsintsiyata. Washegari ya sake miƙo mini, ya sake fizgewa. Na ce masa ni ba 'yar wasansa ba ce, in da abin da yake so ya buɗe baki ya faɗa. Ya yi dariya har da tari, sannan ya nuna mini. Duk bindigar da ta shigo hannunka, ko yanzu ka ga wani ya duba ta, sai ka buɗe ka duba da idonka cewa babu komai a ciki, bakinta yana kallon bango. Har yau ko ni na ajiye bindiga na je bayi na dawo, sai na sake dubawa.

Shi ne kuma ya kora ni makaranta. Ya ce ba zai koyar da wadda ba ta iya karanta takardar da kamfani ke sakowa cikin akwatin bindiga ba, domin kowace da halinta, wata in ka juya sukurunta dama harsashi ya tafi dama, wata kuma ya tafi hagu. Council, wato ƙaramar hukuma, na da ajin yamma na manya. Na wuce arba'in na zauna a benci da matan Somaliya da na Pakistan, muna haɗa baƙi kamar 'yan firamare. Ranar aji da wuri yake sallamata, kuma washegari sai ya ɗauko wata takardar kamfani ya ce in karanta masa, yana goge ƙarfe yana gyara mini. Littafin da na fara karantawa daga bango zuwa bango da Turanci na wata bindigar Jamus ne. Ladi ta yi ta mini dariya da Turancinta na Birmingham mai fita ta hanci. Wannan rubutun da kuke karantawa ma daga can ya samo asali, don da hannuna ya saba da biro sai na koma wa Hausata. Duk wanda ya buɗe maka ido, ba ka gama gode masa.

Ga yadda ake aikin, ku da kuke cewa minti biyu ne. Saiti iri biyu ne. Akwai mai sukuru, wanda kake juyawa kana jin yana ƙas, ƙas. Wannan ba ya son komai sai sukundireban da ya cika bakin sukurun daidai, in ya yi ƙanƙanta zai cinye bakin. A ƙarƙashinsa akwai ɗan sifirin da 'yar ƙwallon ƙarfe, su ke ba da ƙarar nan. In ka ji sukuru ya yi tauri, ya kai ƙarshen hanyarsa ke nan, ka tsaya. Mai taurin kai ya ƙara murɗawa, ya niƙe sifirin, daga ranar saitin ba zai sake zama wuri ɗaya ba. Na biyun shi ne wanda aka cusa cikin tsagi, sai an tura shi gefe. A nan ake ɓarna. Da farko za ka cire tulun iska. Sannan ka kwance bindigar, ka raba ɓangaren da saitin ke kai da kayan ciki, su kunama da bawul da sauran, ka ajiye su can nesa a faranti. Ka naɗe ɓangaren da fata, ka ɗaure shi a matsin tebur dab da inda za ka buga. Ka nemi ɗan sukurun da ke kulle saitin, yawanci a ɓoye yake ƙarƙashin datti, ka sassauta shi. Ka ja layi da fensir don ka san inda ka taso. Sai ka ɗora sandar tagulla, don tagulla ta fi ƙarfen bindiga taushi, ita za ta lotsa a madadinsa. Saitin baya yana bin inda kake so harsashi ya koma, na gaba kuwa akasin haka. Bugun kuma kamar kana ƙwanƙwasa ƙofar mara lafiya. Ka haɗa, a gwada, in bai yi ba ka sake kwancewa. Wani lokacin yini guda ake yi a kan abin da ido ba ya ma gani ya motsa.

Bindigar Malam Issaka ce ta koya mini dalilin kwancewar nan. Direban tasi ne, mutumin Kumasi, da Hausarsa da ba ta san mace ba, kullum "ka" yake ce mini. Na ce masa in yana neman ƙato ya duba waje. Ya shigo da bindiga tana huci kamar tayar da ta taka ƙusa. Ya rantse bai yi mata komai ba. Oga ya ɗaga ta ya nuna mini tabon a gefen saitin, ya tambaye shi ƙusa ce ko cokali. Sai ya amsa cewa ƙusa ce, amma a hankali ya buga. Da muka buɗe, sandar bawul ta karye a can ciki, nesa da inda ƙusar ta taɓa. Oga ya ɗora guntun a tafin hannuna ya ce, "Duka ba ya tsayawa inda kika sauke shi, bab. Tafiya yake yi, sai ya sami mafi rauni a gidan." Malam Issaka ya ce wannan magana ai ta wa'azi ce. Na ce masa to ya tuba. Tun daga nan ya zama na gida, in ya sauke fasinja a kusa sai ya leƙo da ƙosai a takarda, ya ce Maman Ladi, yau wa muka kashe?

Akwai kuma Pauline, wadda ke harbi daga keken guragu. Da can tana dafa abinci a makarantar yara. Bindigarta tsohuwa ce, kamfanin ya daina yin irinta, kayan gyaranta babu su a kasuwa, amma da ita take kwashe kofuna a gaban masu sababbi. Farkon zuwanta da na gani, ta ce harbinta yana gangarawa hagu, a matsar mata da saiti. Oga ya ƙi taɓawa. Ya kai ta ɗakin gwaji na bayan shago, ya ce ta yi harbi yana kallo. Bai kalli takardar ba sam, hannunta ya kalla. Ashe mariƙin katakon ne ya sassauta, yana juyawa a tafinta duk lokacin da ta ja kunama. Ya ɗaure shi, harbi ya dawo tsakiya. Ya ce mini rabin masu kuka da saiti, saitinsu lafiya lau yake, kada in kuskura in motsa ƙarfe kafin in ga mai shi yana harbi.

A shagon muna da al'ada. Duk bindigar da Oga ya gama, zai naɗe ta cikin koren ƙyalle ya ɗora a kanta. Daga nan babu mai buɗewa sai mai ita. Ko da na ƙware har yana bar mini ayyuka in yi ni kaɗai, nawa yana dubawa, nasa kuwa ba a dubawa. Ban taɓa jin haushin haka ba, don shekara da shekaru babu koren ƙyallen da ya dawo.

Sai shekarar da suka fara dawowa. Ɗaya ya dawo, Oga ya ce dalmar zamani ce ba ta da kyau. Wani ya dawo, ya ce mai ita ne bai iya tsayuwa ba. Ya sa na canza ƙwan fitilar teburinsa, ya ce wanda na sa ma bai da haske. Na lura yana karkata kai kamar kaza in zai duba abu, yana lalubar sukundireba da yatsa maimakon ya ɗauka kai tsaye. Sukurorin da nake tsinta a ƙasa suka ƙaru. Kulob guda da ke aiko mana da aiki tun kafin zuwana suka koma wani wuri ba sallama. Malam Issaka ya ja ni gefe ya ce daga yanzu in ya kawo tasa ni zan yi, kada tsoho ya sani. Na ce masa ba na cin amanar wanda ya koya mini, ba kuma zan buɗe koren ƙyalle a bayan idonsa ba. Abin da zan faɗa a gabansa zan faɗa. Na kuwa faɗa. Na ce Oga, idonka ne, ka je wurin GP, likitan unguwa. Ya ce yana wannan aikin tun ban san takalmi ba, in na ƙara tayar da maganar in nemi wani teburin. Kuma na san shi, ba ya faɗin abu sau biyu. A duk garin babu wani shagon da zai ɗauki mace baƙa mai shekaruna ya ba ta guduma. Teburin nan shi ne kawai nawa. Na kama bakina, ina ta kallo.

Ana cikin haka Pauline ta zo da rana, ana saura kwanaki kaɗan babbar gasarta. Akwatin bindigar ya zame daga cinyarta wajen shiga mota, saitin gaba ya goce. Oga ya ce ta jira a gaba, yanzu zai gyara. Ya aike ni in haɗa mata shayi. Da na dawo ta ƙofar baya, sai na ga bindigar a ɗaure a matsin tebur yadda take, ba a kwance ko sukuru ɗaya ba, har tulun iskar yana jikinta. Farantin kayan ciki yana gefe babu komai. Nan take na gane. Ƙananan filolin da ake zarewa kafin a raba ta sun fi ƙarfin idonsa, kuma ba zai kira ni in zare masa ba. Ya ɗora sandar tagulla da lalube, ya ɗaga guduma.

Na ajiye shayin na riƙe wuyan hannunsa. Hannun da ya yi noman doya ba a fizge shi da sauƙi.

"Sake ni," ya ce.

"Ba zan sake ba. Ba ka kwance ta ba, Oga."

"Ɗan taɓawa ne kawai."

"Haka Malam Issaka ya ce. In wani abu ya karye a cikin wannan, a ina za ka samo mata? Ba ka ganin filolin ne. Ka ce ba ka gani, in zare maka."

Ƙofar gaba a buɗe take, kuma muryata ba ta iya raɗa ba. Pauline ta ji komai. Fuskarsa ta yi ja har kunne. Ya sauke gudumar a hankali ya ce in ajiye mabuɗin shago a kan tebur in tafi. Na ce zan tafi, amma sai na cire tulun iskar tukuna, don ba na barin bindiga da iska a matse. Na cire, na kwance ta daga matsin, na mayar cikin akwatinta. Na fita na ce wa Pauline aikinta bai gamu ba, ta dawo gobe da rana. Ta dube ni ta dubi ƙofar, ta ce to, Allah ya kai mu. Na ajiye mabuɗin na ɗauki jakata.

Da Bitrus ya dawo daga aiki na faɗa masa. Ya ce shi dama ya san ƙarshen abin ke nan, gidajen kula da tsofaffi suna neman ma'aikata ko'ina, in je in huta da ƙarfe. Ya ce wanda ya kore ka ba ka koma masa da ƙafarka. Na ce masa ya ci tuwonsa. Mutumin da ya tura ni aji ina da jikoki a hanya ba zan bar shi da guduma a cikin duhu ba, ko da shi ne ya ce in bar shi.

Da safe na hau bas ɗin da na saba hawa, na je na tsaya a ƙofar shagon ba mabuɗi. Ana yayyafi. Can sai ga shi yana tahowa, yana bin gefen bango. Ya gan ni, ko dai ya ga inuwata. Ya ciro mabuɗinsa ya kai wa ƙofa. Ya soka gefe. Ya sake, ya kankare fenti. Ya tsaya da mabuɗin a hannu, ruwa yana ɗiga daga hularsa. Na miƙa tafin hannuna, na bar shi a miƙe har sai da ya saka mini mabuɗin.

"Yatsuna suna ji har yanzu," ya ce.

"Na sani. Ni zan kwance bindigar Pauline in ja layi, kai ka ɗora yatsa ka gaya mini in saitin ya motsa. Amma Pauline sai da rana za ta zo."

Ban buɗe ƙofar ba. Na jefa mabuɗin cikin jakata, na kama hannun rigarsa, muka juya muka nufi wurin GP.